Ba duk kuɗin da ya shiga asusunka ake yi wa haraji ba

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda. Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji hankalina bai kwanta ba. Cinikina a shekara yakan kai naira miliyan 60, amma yawancinsa uwar kuɗi ce. Ban da wannan, a asusun nawa ake zuba adashinmu, kuma ƙanena yana turo kuɗi daga Saudiyya in kai wa mahaifiyarmu. A kasuwa ana cewa duk abin da ya shiga asusu sai gwamnati ta yanka. In daina karɓar kuɗi ta banki in koma tsaba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka koma tsaba. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Kuɗin da ke ƙarƙashin kanta gobara na iya cinye shi, ɓarawo na iya ɗauka, kuma ba ka manta wahalar da aka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi ba. Sannan abokin cinikinka na Maraɗi ko Maiduguri ba zai ɗauko jaka ya taho ba, wani shagon zai koma.

Abin da ake yaɗawa a kasuwa ba haka yake ba. Dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ba su ɗora haraji a kan ajiyar banki ba. Riba ake yi wa haraji. Uwar kuɗinka ba riba ba ce. Adashi kuɗinku ne da kuke zagayawa da shi. Abin da ƙanenka ya aiko wa Hajiya amana ce ta bi ta hannunka. Naira 50 da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye, wannan kuɗin hatimi ne, ya kuma girmi sabuwar dokar.

Mu yi lissafi da adadin da ka bayar, sauran kuma in ƙiyasta maka don misali. A ce a cikin miliyan 60 ɗin, miliyan 52 kuɗin sarin kayan da ka sayar ne. Saura miliyan 8. Hayar shago miliyan 1.5, sallamar yaran shago miliyan 1.2, dako da kuɗin mota 500,000, wuta da man janareta da cajin banki 300,000. Ka ga miliyan 3.5 sun tafi, ribarka ta gaskiya miliyan 4.5 ke nan. Idan gidan haya kake zaune, doka ta yarda a cire maka kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar, muddin ragin bai wuce naira 500,000 ba. In hayar gidan miliyan 1 ce, an cire 200,000, saura miliyan 4.3. A kan wannan, naira 800,000 ta farko ba a karɓar ko sisi. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, wato 330,000. Ragowar miliyan 1.3 ta faɗa matakin kashi 18, wato 234,000. Jimla naira 564,000 a shekara. Kuɗi ne, ban ce ba kuɗi ba ne, amma ina miliyan 60 ina miliyan 4.3?

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Duk wannan ragi da na lissafa maka, sai ka iya nunawa. Ma'aikacin haraji bai san ka ba, bai san Hajiya ba, bai san 'yan adashinku ba. Takardar banki yake gani, kuma doka ta ba hukuma damar samun bayanan asusun da manyan kuɗi ke shige da fice a cikinsa. Idan ba ka da littafi, shi zai yi maka ƙiyasi da abin da ya gani, kuma ban taɓa ganin ƙiyasin da ya tausaya wa ɗan kasuwa ba. A nan ne yawancin mutanenmu ke cutuwa. Mutum yana juya miliyoyi amma lissafinsa duk a ka yake, ko a bayan kwalin atamfa.

Don haka aikin farko, kafin ƙarshen makon nan, ka raba asusu. Ɗaya na shago, ba abin da zai shiga sai ciniki, ba abin da zai fita sai sari da hidimar shago. Ɗaya na gida, nan ne saƙon ƙanenka da cefane da kuɗin makarantar yara za su bi. Adashi kuwa, in da hali ku buɗe masa nasa, in babu ku riƙe littafin zubi mai sunaye da ranaku. Ka kuma roƙi ƙanen naka ya riƙa rubuta dalilin turowa a wurin bayani, ko da "na Hajiya" ne kawai. Rubutun ba shi ke yanke hukunci ba, amma ranar da aka tambaye ka zai tuna maka.

Sai littafi. Ba sai ka sayi kwamfuta ba. Babban littafi mai bango ya isa: shafin sari, shafin ciniki, shafin hidima, shafin bashi. Rasit ɗin dila, takardar hayar shago, takardar motar da ta kawo kaya daga Legas, duk a zuba a fayil guda a ajiye aƙalla shekara shida. Na san matsalar Kwari, sau da yawa ana sari da baki da amana, ba takarda. To ka biya ta banki, ka rubuta sunan wanda ka sara a wurinsa da adadin dila ko turmi a ranar. Wani abu kuma da nake yawan tuna wa 'yan kasuwa: duk shekara kana ƙirga kayan shago don fitar da zakka. Wannan ƙirgar ce dai ake buƙata don sanin kayan da suka rage a ƙarshen shekara, bambancin kawai shekarar haraji daga Janairu zuwa Disamba take. Amma kada a haɗa su, zakka haƙƙin Allah ce, ba ta ɗauke haraji, haraji ma bai ɗauke ta.

Wa za ka biya? Tunda da sunanka kake kasuwanci, ko da ka yi rajistar sunan shago a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, harajinka na hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Kano ne, ba na hukumar tarayya ba, wadda a da ake kira FIRS yanzu ta koma NRS. Ana gabatar da bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Ka biya ta banki a asusun gwamnati, ka karɓi rasit mai sunanka. Kada ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu don ya ce zai "gyara" maka, shekara mai zuwa za a nemi kuɗin kamar ba ka biya ba. Idan aka kawo maka takardar ƙiyasi ka ga an zarce, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi tare da hujjarka. Jefa takardar a durowa shi ne babban kuskure, don in wa'adin ya wuce ƙiyasin ya zauna.

Na san kalmar haraji ba ta da daɗin ji a Kano. Dattawa har gobe suna yaba wa tsohon gwamna Abubakar Rimi saboda soke haraji da jangali. Amma waccan kuɗin kai ce da ake ɗora wa mai shi da marar shi. Wannan kuwa gwargwadon samu ce, kuma tana da amfanin da za ka gani: takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku ita ake nema wajen kwangila, da neman takardar mallakar fili, da wasu rancen banki.

Wasu za su ce maka ka mayar da shagon kamfani, don an yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba. Yafiyar gaskiya ce, sai dai tana zuwa da nauyinta: bayanin shekara-shekara ga CAC da hukumar tarayya, kuɗin akanta, sannan albashin da za ka yanka wa kanka ma yana da nasa harajin. Ban ba ka shawarar haka a bana ba. Ka riƙe littafi shekara guda cur tukuna, ka kai wa akanta mai lasisi ya kwatanta maka hanyoyin biyu da alƙalumanka na gaske.