Me ya sa hanyar zamiya kan dusar ƙanƙara take rushewa bayan gyara?

Ɗan'uwa, ka ce kuna gyara hanyar da safe a Kanada, kafin azahar layukan nan biyu da ake yankawa a dusa don katakon zamiya ya bi sun ruguje. Matsalar lokaci ce. Dusar da aka motsa tana buƙatar awanni kafin ƙwayoyinta su manne da juna su yi tauri, shi ya sa masu wannan aiki suke fita da yamma ko cikin dare, sa'ad da sanyi yake ƙaruwa. Ku bar ta ta kwana ba a taka ba.

Idan sabuwar dusa ce mai laushi, kada ku yanka layi tukuna. Ku ɗaura ganga a bayan babur ɗin ƙanƙara ku daddanne ta sau biyu ko uku, iskar da ke ciki ta fita. Sannan a ja abin yanka layi, a hankali, domin gudu yana sa shi tsalle ya bar tudu da kwari. A ƙa'idar FIS, hukumar wasannin zamiya kan dusa ta duniya, zurfin layi santimita 2 zuwa 5 ne, tazarar tsakiyar layukan biyu kuma santimita 17 zuwa 30.

A gangare mai kwana kuwa, ku ɗage abin yankan gaba ɗaya, mai zamiya yana buƙatar fili ya rage gudu.

Dusa mai jiƙa ku ƙyale ta har ta fara daskarewa. In kun matse ta da ruwa a jiki, da safe dutse za ku tarar, sai babbar motar gyaran dusa irin PistenBully ce za ta iya niƙe ta.