Ka bi sawun ruwan kafin ka sayi tayil

Jiya da muka tashi daga aiki ka ce mini banɗakin Inna a Tudun Wada ya lalace, bango ya jiƙe har fentin ɗakin da ke jikinsa yana ɓarewa, tayil biyu sun ɗaga, kana so ka gyara da hannunka, ko za ka iya? Za ka iya, ɗana. Shekara biyu kana gefena, na ga hannunka. Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne na ji ka fara da zancen kalar tayil, alhali tayil shi ne na ƙarshe a wannan aikin.

Ka fara gano inda ruwan yake fitowa. Da dare ka rufe duk kawunan famfon gidan, ka hau ka yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya. Da asuba, kafin kowa ya ɗiba, ka duba. In ya sauka, bututu ne ke yoyo a cikin bango. In bai motsa ba, to ruwan wanka ne ke ratsa daɓe, ko kuma damina ce ke shigowa ta bayan gini, don ka san yadda bangon da ba a yi wa filasta ta waje ba yake shan ruwa a Kaduna cikin Agusta da Satumba. Yawancin tsofaffin gidajen unguwarku bututun ƙarfe ne a ciki, tsatsa ta cinye shi. Kar ka yi masa faci. Cire shi gaba ɗaya ka sa na roba, ko PPR ɗin nan da muke haɗawa da wuta. Rabin inci na shigo da ruwa, inci 2 na rariya, inci 4 na masai.

In ka haɗa, ka saki ruwa ka bar bututun a fili ya kwana. Wannan kam ina roƙonka. Farkon fara aikina na rufe bututu a wani gida a Kawo ban gwada ba, saboda maigidan yana sauri zai tare. Bayan wata uku ya aiko a kira ni. Na tarar da bango ya yi baƙi, matar gidan ta jera tsummokara a gindinsa. Da hannuna na farfasa tayil ɗin da na jera, a gaban mutumin da ya yarda da ni, duk saboda gwiwar bututu guda da ba ta sha gam sosai ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sai daɓe, kuma a nan ake gane magini. Dole ƙasa ta gangara zuwa rariya, kamar kwatan inci a kowace ƙafa guda, bakin ƙofa kuma ya ɗan fi cikin tudu. Ka kwaɓa siminti ɗaya da yashi uku, yashi mai tsabta wanda ba laka. In ya kama, ɗauko buta ka tsiyaya ruwa a kowace kusurwa, ka tsuguna ka zuba masa ido. Ya kamata ka ga ya miƙe ya nufi rariya shi kaɗai. In ya tsaya ya yi ɗan tafki ko da faɗin tafin hannu ne, gyara a lokacin, don bayan tayil Inna ce za ta riƙa korar sa da tsintsiya kullum.

Daga nan ka shafa maganin hana ruwa, shafi biyu, ka ɗaga shi jikin bango kamar ƙafa ɗaya, wajen wanka kuwa har ya wuce tsayin mutum. Ka dage a kusurwoyi da gindin bututu, ta nan ruwa yake sata. In ya bushe, toshe rariya, cika ƙasan da ruwa, yi alama da fensir, ka bar shi awa 24.

Rariya kuma ka sayi mai lanƙwasa wadda ke riƙe ɗan ruwa, shi ke tare warin sokawe da kyankyasai. Ka duba bututun iskan da ya hau sama ta bayan gini ko bai toshe ba.

Yanzu maganar Inna kanta, tunda don ita ake yi. Ka ce gwiwa na damunta, to a sa mata masai na zama, ka je Panteka a lanƙwasa maka ƙarfen da za ta riƙa dafawa, a kafa shi sosai a bango. Wajen dasa masan ka lura kar mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya juya mata baya. Tayil na ƙasa ka shafa shi da jiƙaƙƙen hannu tun a shago, mai kaushi za ka ɗauka. Mai sheƙin nan na bango ne, in ya haɗu da sabulu santsinsa ba ya barin tsoho. Ka ƙara kwali ɗaya a kan lissafinka saboda yanka da karyewa. Wajen jerawa ka cika bayan kowanne da siminti, ka ƙwanƙwasa da ƙotar cokalin gini. In ka ji ya yi ƙara kamar ganga, akwai rami, ɗaga shi. In aikin ya kai ka hunturu, ka riƙa yayyafa wa daɓen ruwa safe da yamma, iskar tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi.

Wutar hita ba taka ba ce, ka kira mai wayarin.

Ka yi gwajin tankin yau da dare. Ranar Asabar bayan la'asar zan biyo da injin haɗa bututu, mu duba bangon tare kafin ka ɗaga guduma. Ka gaishe mini da Inna.