Sabulun salo da kaushin gashi: abin da na gani a kaina

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce tun da kika koma wanke kai da sabulun salo gashinki ya yi kaushi, yana cukurkuɗewa yana bin mataji, kina tambaya ko maganar pH ɗin nan ce. Ita ce, don ni ma na sha wannan wahalar.

Shi pH ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Fatar kai tana wajen 5.5, gashi kuma ya fi lafiya tsakanin 4.5 da 5.5. To sabulu, na salo ne ko na wanka, yana kaiwa 9 zuwa 10. Kowane silin gashi yana da ɓawo a jere kamar na kifi. Abu mai kanwa na taɓa shi sai silin ya kumbura, ɓawon ya ɗaga, sili ya riƙa sarƙe ɗan uwansa.

Ni sai da mai kitsona ta ce, "Hajiya, kan nan fa ya zama soso," sannan na farga. In na yi tsifa, gashin da ke zuba kan zanina yakan cika tafin hannu. Na yi ta lafta man kaɗanya, a banza, domin mai yana riƙe laima ne kawai, ba ya gyara pH.

Abin da ya fisshe ni, na koma shamfu mai ɗauke da rubutun pH 5.5 a jikin roba. Bayan wanki sai in zuba khal na tuffa cokali ɗaya a babban kofin ruwa, in ɗauraye, in bar shi minti biyu, in sake bi da ruwa. Nan take za ki ji yatsa yana sulɓewa. Don Allah kar ki zuba khal ko lemun tsami tsagwaronsa, pH ɗinsu yana wajen 2 zuwa 3, busar da gashi suke. In akwai ƙuraje ko ciwo a kanki, ki bari sai sun warke.

Karkashi ma ina wanke kai da shi, yana warware gashi sosai, amma ban da kanwa, ki bar ta ga miya.

In kina rilaksa kuwa, wato maganin miƙar da gashi, pH ɗin mai ƙarfin yana haura 12. Kar ki tashi daga kujerar shagon sai an wanke miki da shamfun da ke kashe ƙarfinsa, ko da sau uku ne.