Tsuntsun da shahon giginya ya yar yana sauran motsi

Tambaya: Malam, gonarmu tana bakin Gulbin Maraɗi. Akwai ƙaramin shaho mai jan kai da ke kwana a giginyar iyaka. Ɗana mai tsaron hatsi ya ga ya cafke kurciya, ya yi masa kuwwa ya sake ta. Ya tarar tana shure-shure, wuyanta ya langaɓe, ya yanka ta da bismillah. Ta halatta?

Amsa: Allah ya yi wa yaron albarka da ya tuna da wuƙa. Shahon ba horarre ba ne, ba kuma wanda ya aike shi, don haka ayar farauta a Suratul Ma'ida ba ta shigo nan ba. Da ya tarar da ita matacciya, mushe ce ba gardama.

Maganarka "wuyanta ya langaɓe" ita ce hukuncin. Na san tsuntsun nan: bayansa toka-toka, ƙeyarsa ja, cikinsa da zane-zane baƙi, ƙafafu rawaya. Da asuba da magariba yake farauta, sau da yawa miji da mata tare, ƙasa-ƙasa, da gudu. Shirwa sura take yi ta tafi. Shi kuwa yana da ɗan haƙori a gefen bakinsa na sama, da shi yake datse wuyan abin da ya kama. Yankewar laka tana cikin makasa biyar, wato raunukan da dabba ba ta rayuwa bayansu, a mazhabar Imam Malik, kuma wanda aka taɓa makasarsa yanka ba ya aiki a kansa, don haka kurciyar nan ba ta halatta ba.

Za ka ji masu cewa duk motsi rai ne, su kawo ayar Ma'ida mai cewa "sai abin da kuka yanka" da labarin baiwar Ka'abu ɗan Malik da ta yanka tunkiya da dutse. Ra'ayi ne na manyan malamai, ban raina shi ba, amma ban ɗauke shi ba. Tunkiyar nan mutuwa aka gani tana zo mata, ba a ce lakarta ta yanke ba. Kuma kowa ya ga kaza tana birgima bayan an yanka ta. Wa zai ce wannan rai ne da za a sake yankawa? Yanka shi ake so ya zama sanadin fitar rai. A nan shaho ya riga wuƙa.

In kun ci ba ku sani ba, babu laifi. Gaba, ya duba: in fiffike ne ko ƙafa, wuya a tsaye, ya yanka ku ci.

Sai kuma abin da ba ka tambaya ba. Ka hana shi harbin shahon da danƙo, ka hana shi hawan giginya neman 'ya'yansa. Faɗowa daga giginya ba wasa ba ne. Shahon nan tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi yake rage muku a gona. Kuma tsaron hatsi kada ya cinye masa allon safe. Wallahu a'alam.