Na Gyara Shafina, Amma Tsohon Nake Gani

Tambaya: Malam, tun jiya na canza hoton da ke fuskar shafina na intanet, amma a wayata tsohon ne yake fitowa. Abokina kuwa sabon yake gani. Ina matsalar take?

Amsa: Gyaranka ya shiga, tunda abokinka ya gani. Abin da ke gabanka kwafi ne da burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, ta ajiye. Duk sa'ad da ka buɗe shafi, tana adana hotunansa da fayilolinsa a ma'ajiyar wucin gadi, don kada ta sake sauke su ta cinye maka data. Saba, wato kwamfutar da shafin yake kanta, ita ce ke faɗa mata tsawon lokacin da za ta riƙe kowane fayil, ta wani umarni mai suna Cache-Control. Da daƙiƙa ake lissafin: 3600 awa ɗaya ke nan, 86400 kwana guda. Kafin wa'adin ya cika, burauza ko tuntuɓar sabar ba ta yi. Idan ya cika sai ta tambaya ko fayil ɗin ya canza. In bai canza ba, sabar ta amsa da lamba 304, wato ci gaba da wanda ke hannunki.

A kwamfuta, danna Ctrl da F5 tare. A waya, buɗe shafin a tagar sirri ta burauza (Incognito ko Private). In sabon hoton ya fito, shiga saitin burauza ka share hotuna da fayilolin da aka ajiye kawai. Ka bar kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke gane ka da su, inda suke, in ba haka ba za a fitar da kai daga asusunka na shafuka da dama.

Da a ce kowa tsohon yake gani, da sai mu zargi sabobin tsakiya, irin na Cloudflare, masu ajiye kwafin shafi kusa da masu karatu. Wannan sai ka shiga asusunka na can ka share ajiyar. Amma shawarata, duk hoton da ka canza ka ba shi sabon suna. Sabon suna sabon adireshi ne, babu ma'ajiyar da ta san shi, dole a ɗauko shi daga tushe.

Tambaya: Malam, wasu lokuta lamba kawai nake gani a madadin shafi, 404 ko 502. Wayata ce ta lalace?

Amsa: A'a, Malama, wayarki lafiyarta ƙalau. Ki duba lambar farko. Masu farawa da 4 suna nufin buƙatar da aka aika ce da matsala: 404 babu shafi a wannan adireshin, ko an goge shi ko harafi ɗaya ya kuskure, 403 kuwa sabar ta hana ki shiga wurin. Masu farawa da 5 laifin ɓangaren sabar ne. 500 manhajar shafin ce ta tuntsure. 503 aiki ya yi mata yawa ko ana gyara. 502 da 504 sun shafi sabar tsakiya: a 502 ta samu gurɓatacciyar amsa daga ainihin sabar, a 504 ta jira har ta gaji. Share ma'ajiya ba kasafai yake maganin waɗannan ba. Ki jira 'yan mintoci ki sake gwadawa, in ya ƙi ki sanar da mai shafin lambar da lokacin da ta fito.