Kwalta Ce Ta Riƙe Bawul Ɗin

Habu, ka ce me ya sa ba za mu juye garin katakon da 'yan katako ke zubarwa a cikin tukunyar nan da ke mayar da itace gas don janaretanmu ba, mu huta da faskare da shanya. To matso ka taɓa bawul ɗin injin nan da na kwance jiya. Ka ji danƙo? Kwalta ce, daga jikin itacen ta fito, ita ta tsayar da janaretan.

Tukunyar nan ba murhu ba ce. Da gangan muke rage wa wutar iska don kada itacen ya cinye ƙurmus, sai ya riƙa sakin gas. Kusan rabin gas ɗin naitirojin ne, ba ya kamawa. Masu ci su ne kabon monoksaid da haidirojin, kowanne bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Gas ɗin ƙasa yake bi, ya ratsa jan garwashi a maƙogwaron tukunyar, inda zafi ke kai digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyos. A nan kwaltar ke ƙonewa. Garin katako kuwa dunƙulewa yake ya toshe hanyar iska, garwashin ya yi sanyi, kwaltar ta wuce salin alin zuwa injin. Ɗanyen itace ma haka, ruwansa ne ke shanye zafin. Shi ya sa nake son gutsattsari kamar kwalin ashana, busassu, waɗanda in ka gwara biyu za ka ji ƙas-ƙas. Garin sai an matse shi ya zama curi tukuna, mu kuwa ba mu da injin matsewa.

Aikin ma ba sabo ba ne. Wani Bafaranshe, Imbert, ya inganta irin wannan tukunya tun wajen shekarun 1920, kuma da fetur ya yi wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, motoci da yawa a Turai da buhunan yankakken itace suke yawo.

Gobe kafin ka buɗe wa injin, kunna gas ɗin a bututun gwaji. Harshen ya yi shuɗi, bismillah. Ya yi ja da hayaƙi, dakata. Lissafa kilo ɗaya da rabi na itace kan kowane yunit na wuta, kuma kada ka ɗora masa lodin da yake ja da fetur, ba zai iya ba.

Sannan kada in ƙara ganin ka rufe ƙofar shagon tukunya tana ci. Kabon monoksaid ba ya wari, jiri kawai za ka ji. Ɗauko kananzir mu wanke bawul ɗin.