Kafin ku sayar da fili saboda takardar jami'a: amsoshin wasiƙunku

*Anti, 'yata ta samu gurbi a Luther College da ke Amurka. An ce garin ƙauye ne, ba mu da kowa a can, kuma ba ta taɓa kwana nesa da gida ba. Barci ya ƙaurace mini. (Wata uwa daga Numan)*

Mama, ki kwantar da hankalinki. Decorah ƙaramin gari ne a jihar Iowa, mutanensa ba su kai 10,000 ba, kuma ƙanƙantarsa alheri ce ga yarinya irin taki. 'Yan Norway da suka yi ƙaura ne suka kafa makarantar a 1861, ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, kusan duk a cikin makaranta suke kwana suke cin abinci. A irin wannan wuri malami yana sanin ɗalibi da suna. In ta yi fashin aji sau biyu, za a neme ta. A babbar jami'a mai ɗalibai dubbai babu mai lura ko ta zo ko ba ta zo ba.

Batun ibada kuwa, ba baƙuwa za ta zama ba. Cocinku na LCCN, wato cocin Lutheran na Najeriya, da ELCA, cocin Lutheran na Amurka mai alaƙa da makarantar, duk suna cikin Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda Akbishop Musa Panti Filibus ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Sai dai ki shirya ta: sujadarsu gajera ce, a natse, babu ganga da rawar zumuntar mata kamar ta gida, kuma a wasu al'amuran zamantakewa ra'ayinsu ya sha bamban da abin da ta taso a kai. Abin da zai fi damunta shi ne kaɗaici a hutun Kirsimeti, lokacin da kowa ya tafi gida. Ki sa ta tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun yanzu ko ana barin ɗakunan kwana a buɗe a lokacin hutu, da ko suna haɗa ɗalibai da iyalan gari.

*Ni Musulmi ne. Makarantun cocin Lutheran na Amurka za su tilasta mini shiga coci? Abinci fa? (Wani matashi daga Kano)*

A makarantun ELCA halartar sujada ba dole ba ce. Abin da yake dole a yawancinsu shi ne darasi ɗaya ko biyu kan addini, darasin aji mai jarrabawa da maki. Ka duba wace ƙungiya ce ke da makarantar, don na Missouri Synod, wani ɓangaren cocin Lutheran dabam da ELCA, sun fi riƙo da koyarwar coci a manhaja. Naman alade yana yawa a ɗakin cin abinci, kuma kuɗin abinci a dunƙule ake biya, ka ci ko ba ka ci ba. Ka rubuta musu ka tambaya game da halal da sahur a watan azumi kafin ka amsa tayin. Idan wannan ya dame ka ƙwarai, Jami'ar Augsburg da ke birnin Minneapolis tana unguwar da Somaliyawa suka yi yawa, masallaci da mahauta suna kusa.

*Wani ejan ya samo wa ɗana tallafin dala 30,000 a shekara a wata jami'a mai suna Concordia. Ya ce in ba shi naira miliyan 2 na hidimarsa, sauran kuɗin yaron zai samu da aiki a can. Ina shirin sayar da filina. (Wani uba daga Gombe)*

Baba, don Allah ka dakata da maganar filin nan. Wannan wasiƙa ta ɓata mini rai, don irinta na fi samu.

Da farko, wace Concordia? Akwai ta Moorhead a Minnesota, akwai ta Nebraska, akwai ta Wisconsin, akwai ta Chicago, kowace cin gashin kanta take yi. Akwai kuma waɗanda suka mutu. Ta Alabama ta rufe a 2018, ta Portland a 2020, ta New York a 2021. Jami'ar Finlandia da ke Michigan, ita ma ta Lutheran, wadda aka kafa a 1896, ta rufe a 2023. Ƙananan makarantun nan da kuɗin ɗalibai suke rayuwa. In ɗalibai suka ragu shekara bayan shekara, sai a wayi gari an sanar da rufewa. Ta Portland a watan Fabrairu ta sanar, kafin tsakiyar shekara ta kulle. Ɗan ƙasa zai kwashe kayansa ya koma gidan iyayensa. Ɗanka sai ya nemi wata makaranta cikin gaggawa don kada izinin zamansa ya lalace, kuma babu tabbacin tallafin zai bi shi. Ka sa a bincika maka yawan ɗaliban makarantar a shekaru biyar da suka wuce, da ko tana rufe sassa tana sallamar malamai.

Sai maganar tallafin. Kuɗin karatu da masauki da abinci a wasu makarantun nan ya haura dala 60,000 a shekara, amma kusan babu mai biyan wannan farashi. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ɗaga kuɗin kaya don ya yi maka ragi. Ragin da ejan yake kira nasararsa, makarantar tana bai wa ɗalibai da yawa da suka nema da kansu, ba tare da sun biya kowa ko sisi ba. Abin tambaya shi ne nawa ya rage bayan ragin. Ka ɗora inshorar lafiya, wadda ta zama tilas, da littattafai, da tikitin jirgi, da dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, da dala 185 na neman biza. Ka ninka ragowar sau huɗu, ka tuna kuɗin yana ƙaruwa kusan kowace shekara alhali tallafin yakan tsaya inda yake, sannan ka je wurin 'yan canji ka ji farashin dala yau. Fili ɗaya ake sayarwa sau ɗaya. Shekara ta biyu me za ka sayar?

Aikin da ejan ya ambata yaudara ce. Mai bizar karatu awa 20 kawai aka yarda ya yi a mako lokacin zango, a cikin makaranta, irin wanke kwanuka a ɗakin abinci ko jera littattafai a laburare. Zai sayi sabulu da katin waya, ba zai biya kuɗin makaranta ba. In ya yi aiki a waje ba izini, karatun ne gaba ɗaya zai salwanta. Kuma tun 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara biza ga 'yan Najeriya, har da ta ɗalibai, saboda haka kada ka biya kafin alƙalami ga kowa sai ka tabbatar daga ofishin jakadanci cewa ƙofar a buɗe take. Cibiyar EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, tana Abuja da Legas, za su yi maka bayani. Duk kuɗin makaranta kuma asusun makarantar ake turawa kai tsaye, ba asusun wani mutum ba. Idan lissafin bai fita ba, yaron ya yi digirin farko a gida, ya nemi na biyu da cikakken tallafi. Babu abin kunya a ciki.

*Zan tafi Minnesota. In sayi sabuwar iPhone da rigunan sanyi a Ƙofar Wambai don kada a raina ni? (Wata ɗaliba daga Kaduna)*

Haba ƙanwata! Iyayenki suna neman dala ido rufe, ke kina lissafin waya? Wadda ke hannunki ta isa. Rigar gwanjo guda ɗaya ki saya ta sauka daga jirgi. Sanyin Janairu a Minnesota yana sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, rigunan da ake kawo mana ba za su tare shi ba. Ki bari sai kin isa a watan Agusta, ki sayi babbar riga da takalmin ƙanƙara da safar hannu a shagon gwanjo na can. Littattafai ma kada ki sayi sababbi kafin ki shiga aji. Ki fara duba laburare, ki yi haya, ko ki karɓa daga 'yan ajin gaba.